Karatun Kimiyyar Muhalli a Jami'a: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suka Fi Yi

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, ko jami'o'i suka fara fitar da sunaye, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a kan wannan fanni. Wasu daga waɗanda suka zaɓe shi da kansu, da yawa kuma daga waɗanda suka nemi likitanci ko haɗa magunguna aka turo su nan. An gina amsoshin a kan yadda abin yake a jami'o'in Najeriya, musamman na Arewa.

1. Wai shin mene ne kimiyyar muhalli?

Karatu ne na sanin yadda ƙasa da ruwa da iska da masu rai suke tafiya tare, da irin ɓarnar da ɗan Adam ke yi musu, da yadda ɓarnar ke komowa kansa. Ya ɗebo daga kemistiri, ya ɗebo daga bayoloji da labarin ƙasa da ƙididdiga, har da doka da tattalin arziki.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya fi dogon bayani nuna aikin. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, masu haƙar zinare kan kawo duwatsu cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma maganin aikin banza ne muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai da aka samu masu bin gida-gida da na'urar awo, su gano inda gubar ta fi yawa, a kankare saman ƙasar, a kai ta rami na musamman a binne, a zubo sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Masu wannan awo da tsara yadda za a kankare, sana'arsu ce ake koyo a nan.

2. Na ga tsangayoyi da dama masu sunan muhalli. Duk abu ɗaya ne?

A'a, kuma nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. A jami'o'inmu da yawa, tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli ta masu harkar gine-gine ce. Environmental Design ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ƙunshi zanen gini, da gini, da kiyasin kuɗin gini, da tsara birane, har da zane-zane. Wanda ya shiga can da burin auna gurɓatar ruwa zai tarar da kansa a gaban teburin zane. A Jami'ar Bayero, tsangayar Earth and Environmental Sciences ta haɗa masu zanen gini da masu labarin ƙasa da masu nazarin duwatsu, kuma sashen Environmental Management ɗaya ne daga cikinsu.

Abin dubawa shi ne sunan kwas ɗin, ba na tsangaya ba. Environmental Management, kamar na Bayero, ya fi karkata ga tsare-tsare da taswira da dokoki. Environmental Management and Toxicology, kamar na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, ya fi nutsewa cikin kemistiri da ɗakin gwaji. ATBU Bauchi tana da Environmental Management Technology. Kafin ka cike fom, nemi ɗan aji uku na sashen ya nuna maka jerin darussansu. Wannan jerin ya fi duk abin da za ka karanta a intanet gaya maka gaskiya.

3. Wato idan na gama duba-gari zan zama?

Wannan ita ce tambayar iyaye. Duba-gari lafiyar muhalli ya karanta, wanda fanni ne dabam da ake koyarwa a makarantun tsafta irin ta Kano, da kwalejojin fasahar lafiya, da wasu jami'o'i. Su ne ke duba mahauta da gidajen abinci da masai da magudanan ruwa, kuma suna aiki da lasisi daga majalisarsu da aka kafa a 2002, wadda yanzu ake kira EHCON. Digirin kimiyyar muhalli shi kaɗai ba ya ba ka wannan lasisin. Idan aikin duba-gari kake so, ka nemi lafiyar muhalli tun farko. Ayyukan da naka digirin ke kaiwa suna amsa ta 8 zuwa ta 11.

4. Waɗanne darussa ake buƙata a WAEC da JAMB?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi. Sauran ukun daga kemistiri, bayoloji ko aikin gona, fiziks da labarin ƙasa. A JAMB Turanci dole ne, sauran ukun kuma kowace jami'a da nata haɗin: wata ta dage a kan kemistiri, wata ta fi son labarin ƙasa. Kada ka kwaikwayi haɗin abokinka da ya nemi wata jami'ar. Buɗe ƙasidar JAMB ta shekarar da kake ciki ka duba layin jami'arka. Mai difloma ko NCE ko IJMB a fannin da ya dace zai iya neman shiga kai tsaye aji biyu.

5. Shekara nawa ake yi, kuma me ake karantawa?

Shekara huɗu a yawancin jami'o'i, biyar a jami'o'in fasaha da wasu na aikin gona. Ajin farko kusan maimaicin sakandare ne mai zurfi, tare za ku zauna da sauran 'yan kimiyya. Daga aji biyu fannin ke fara bayyana: ilimin ƙasar noma, ilimin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa, yanayi, zaman halittu da junansu, ƙididdiga. Aji uku ake shiga gurɓatar ruwa da iska, sarrafa shara, taswirar kwamfuta da hotunan tauraron ɗan Adam, dokokin muhalli, da nazarin tasirin ayyuka ga muhalli. Daga nan sai wata shida na SIWES, wato koyon aiki a wata ma'aikata ko kamfani, sai binciken kammalawa. Duba amsa ta 13 a kan waɗannan biyun, don su ne suka fi komai tasiri ga abin da zai biyo baya.

6. Ba ni da ƙarfi a lissafi da kemistiri. Zan iya?

Lissafin ba irin na injiniyoyi ba ne, amma ƙididdiga ba ta da makawa, domin duk awon da ka yi sai ka nuna cewa ba dace ba ne. Idan kemistiri ne ke ba ka tsoro, zaɓi kwas mai karkata ga tsare-tsare da taswira kamar yadda aka bayyana a amsa ta 2. Ko a can ma sai ka san ma'anar lambobin da ɗakin gwaji ya miƙo maka.

7. Likitanci na nema aka ba ni wannan. In karɓa ko in sake JAMB?

Ya danganta da makinka da kuma zuciyarka. Idan tazarar da ta hana ka likitanci kaɗan ce, kuma ka san ranka ba zai kwanta ba, sake zama jarrabawa ba abin kunya ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne karɓar gurbin da niyyar canza sashe a aji biyu. Komawa likitanci daga wani sashe abu ne mai wuyar gaske, kuma mafi yawan masu wannan niyya sukan ƙare da raunin sakamako a kwas ɗin da suka raina tun ranar farko.

Idan kuma abin da ya ja ka zuwa likitanci shi ne ceton rai, sake karanta labarin Zamfara a amsa ta 1. Kwalara da taifot daga ruwa suke fitowa, kuma wanda ya gano rijiyar da ke yaɗa su ya yi wa unguwa aikin da asibiti ba zai yi mata ba.

8. A gwamnati ina ake aiki da wannan digiri?

Hukumomin muhalli a Najeriya bala'i ne ya haife su. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1999 ta narke cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa NESREA don tilasta bin dokokin. NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ke bin diddigin malalar mai. Hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi ta 2015 tana aiki a jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, daga Kebbi da Sakkwato har Borno da Adamawa. Akwai NiMet mai hasashen yanayi, da NIHSA mai hasashen ambaliya, da NEMA, da hukumomin raya kogunan irin ta Haɗeja da Jama'are, da majalisar sauyin yanayi da dokar 2021 ta samar.

A jihohi akwai ma'aikatun muhalli, da hukumomin ruwa, da irin su REMASAB a Kano da KEPA a Kaduna da AEPB a Abuja. Mai digiri kan fara ne a mataki na 8 na albashi. Sai dai a faɗi gaskiya: ba kullum ake ɗaukar ma'aikata ba, idan an tashi ɗauka kuma masu labarin ƙasa da kemistiri da gandun daji duk suna cikin layin. Wanda ya zauna jiran takardar gwamnati kaɗai zai iya daɗewa a zaune.

9. Ina jin ana cewa EIA. Mene ne shi, kuma akwai abinci a ciki?

Nazari ne da ake yi kafin a fara babban aiki, don a gano ɓarnar da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin, a kuma tsara yadda za a rage ta. Doka mai lamba 86 ta 1992 ce ta wajabta shi a Najeriya. Madatsar ruwa, babbar hanya, masana'antar siminti, bututun gas na AKK, layin dogon Kano zuwa Maraɗi, duk irin ayyukan da dokar ta shafa ne. Ba gwamnati ke rubuta rahoton ba. Mai aikin ne ke ɗaukar kamfanin ƙwararru da ma'aikatar ta amince da shi, kuma a waɗannan kamfanonin yawancin 'yan wannan fanni ke samun aikinsu na farko.

Ga yadda aikin yake a ƙasa. Ana fita fili, sau da yawa da rani da kuma damina. A ɗebi ƙasa da ruwan rijiya da na rafi, a auna ƙura da ƙara, a rubuta itatuwa da dabbobin wurin. A zauna da mai unguwa da dattawa da mata da makiyaya, a ji inda burtali ya bi, inda maƙabarta take, gonar wa aikin zai ci. Sannan a rubuta rahoto, a baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su duba, kwamitin masana ya tattauna shi, kafin a ba da takardar amincewa. Bayan masana'anta ta fara aiki ma NESREA na buƙatar rahoton binciken muhalli duk shekara uku.

Abinci akwai, amma aikin na zuwa ne da kwangila: wata uku ba ka da lokacin kanka, wata biyu shiru. Akwai kuma masu kwafo tsohon rahoto su canza sunan gari. Irin wannan yakan tonu a gaban kwamiti, ranar da aka tarar da bishiyar kurmin Kudu a rahoton wani ƙauye na Yobe.

10. Kamfanonin mai da masana'antu fa?

Suna ɗauka, galibi a sashen kula da lafiya da kariya da muhalli, wanda ake kira HSE. Ba kamfanin mai kaɗai ba: siminti, taki, sukari, lemon kwalba, gine-gine, haƙar ma'adinai, duk suna da shi. A nan ana yawan tambayar takardar ƙwarewa a kan digiri, irin ta NEBOSH ko ta ISPON, da sanin ISO 14001, tsarin duniya na kula da muhalli a kamfani. NEBOSH tana da tsada, don haka da yawa sukan fara da ta gida lokacin bautar ƙasa. Ka tabbatar cibiyar da za ka biya tana da rajista, domin masu sayar da takardar bogi ga 'yan bautar ƙasa ba su da iyaka.

11. Ƙungiyoyin agaji da ayyukan Bankin Duniya suna buƙatar irinmu?

Ƙwarai. Duk aikin da Bankin Duniya ya ba da rance sai an sa masa jami'an da ke lura da tasirinsa ga muhalli da al'umma. Shirin ACReSAL, na dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma aikinsa farfaɗo da ƙasar da ta mutu ne da kula da ruwa. A Borno da Yobe da Adamawa ƙungiyoyin agaji na ɗaukar ma'aikatan ruwa da tsafta, masu auna sinadarin kulorin a tankunan sansanoni da tsara wurin masai. Albashin ya fi na gwamnati, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, kuma ya dogara da kuɗin waje. Da Amurka ta rufe USAID a 2025, mutane da yawa suka wayi gari ba aiki.

12. A gaya mini gaskiya: ana samun aiki, ko dai karatun zaman gida ne?

Ga inda gizo ke saƙar. Likita da lauya da injiniya suna da kujerar da doka ta ce sai su. Ɗan kimiyyar muhalli kusan duk kujerar da ya nema akwai mai wani digirin da zai iya nemanta. Saboda haka mai ɗaukar aiki ba ya tsayawa a kan takarda, tambayarsa ita ce me hannunka ya iya. Wanda ya fito da haddar ma'anar ɗumamar yanayi kaɗai shi ne ke cewa karatun banza ne.

Abu uku ne ke raba masu samu da masu jira. Na farko taswirar kwamfuta. Manhajar QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat ma kyauta ne, kuma sun faro tun 1972. Da irin waɗannan hotuna duniya ta ga yadda Tafkin Chadi, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, ya tsuke ya koma ɗan kaɗan a shekarun 1980. Ɗalibin da ke da kwamfuta ko da tsohuwa ce zai iya koya a ɗakinsa. Na biyu aikin ɗakin gwaji da hannunka, ba leƙe ta bayan mai gwaji ba. Na uku rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, da iya jera alƙaluma a Excel. Akwai na huɗu da ba a koyarwa a aji, kuma kana da shi: Hausa. Kamfanin da ya zo daga Legas zai yi aiki a Jigawa dole ya nemi wanda zai zauna a zauren mai gari ya yi bayani a fahimta.

13. Ina ya kamata in yi SIWES, kuma wane bincike zan zaɓa?

Nemi inda za ka taɓa kayan aiki, ko da ba sa biyan ko sisi: ɗakin gwajin hukumar ruwa, kamfanin EIA, sashen tace dagwalon wata masana'anta, ofishin taswira. Wata shida a ofishin da aikinka sayo wa oga abinci asara ce da ba ta dawowa.

Batun bincike kuwa, a ƙofar gidanku yake. A Kano akwai dagwalon majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, da latas da kabejin da ake ban-ruwa da ruwan Jakara, da kududdufan cikin birni da aka cike aka yi gini a kai, ruwan sama ya rasa wurin zuwa. A dausayin Haɗeja da Nguru akwai ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 sun canza yadda kogi ke cika da janyewa. A Maiduguri akwai abin da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta bari a rijiyoyi. Ko tazarar masai da rijiya a unguwarku bincike ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a lita ɗaya ta ruwan sha, kai kuma sai ka auna ka gani.

Zaɓi ƙaramin abu ka yi shi da kyau. Wanke kwalbar, ɗauraye ta da ruwan da za ka ɗiba, rubuta wuri da rana da lokaci a jikinta, ɗauki lambar GPS, sa ta a kula mai ƙanƙara, ka kai ɗakin gwaji a ranar. Tambayi kuɗin gwajin ƙarafa kafin ka amince da batun, domin kowane ƙarfe a kowace kwalba da kuɗinsa, kuma rashin yin wannan lissafin ne ke sa ɗalibai dafa alƙaluma a ɗaki. Binciken da ka yi da hannunka shi za ka ɗora a tebur ranar ganawar neman aiki.

14. Karatun ya dace da mace?

Ya dace. Ɗakin gwaji da taswira da koyarwa duk ba sa buƙatar yawan tafiya. A aikin fili kuma mace tana da abin da namiji ba shi da shi: tana shiga gidan da aka rubuta "ba shiga". Binciken hayaƙin murhu, ko tsabtar ruwan randa, ko jin ta bakin matan da aiki zai tasa, ba ya yiwuwa sai da ita, shi ya sa ƙungiyoyi ke nemansu. Amina Mohammed ta riƙe Ma'aikatar Muhalli daga 2015 kafin ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Maganar tsaron hanya a wasu yankuna gaskiya ce, amma ta shafi kowa.

15. Zan iya kafa sana'ar kaina?

Za ka iya, kuma 'yan bola jari sun riga ka gane cewa shara kuɗi ce. Akwai tara robobi a niƙa a sayar wa masana'antu, da kwasar shara a unguwanni da yarjejeniyar wata-wata, da yin takin gargajiya daga sharar kasuwa, da curin gawayi daga ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, da renon dashe. Masu gidan fiya wata da masu haƙa rijiyar burtsatse suna buƙatar gwajin ruwa, kuma mai taswira zai iya yi wa manoma da masu filaye aiki. Feshin ƙwari a gidaje na buƙatar lasisin majalisar da aka ambata a amsa ta 3. Kamfanin EIA kuwa ba a fara shi da fitowa daga makaranta. Sai ka yi shekaru a ƙarƙashin wani, ka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sannan ka nemi amincewar ma'aikata da ta NESREA.

16. Sai na yi digiri na biyu? A ina, kuma akwai tallafi?

Don koyarwa a jami'a ko bincike, dole ne. Don sauran ayyuka, ya fi kyau ka yi shekara ɗaya ko biyu kana aiki, ka gane ɓangaren da ya karɓe ka. Digirin farko faɗi gare shi ba zurfi, don haka na biyun ya zama a abu ɗaya: ruwa, ko taswira, ko guba, ko sauyin yanayi. Maimaita kwas mai suna iri ɗaya da na farko ba ya ƙara maka komai sai takarda.

A gida akwai Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da shirin nazarin sauyin yanayi na WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi, mai rassa a jami'o'in fasaha na Minna da Akure da kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Mai jin Faransanci ya duba cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET a Yamai. Wanda ke son farfaɗo da ƙasa kuma ya san cewa darasin na maƙwabta ne: manoman Maraɗi da Damagaram, ta hanyar barin kututturen gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gona, sun dawo da bishiyoyi a kan hekta kusan miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Na waje akwai Commonwealth da Chevening na Ingila, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Turai, da asusun PTDF na gwamnatin Najeriya ga abin da ya shafi mai da makamashi. Yawancinsu suna son sakamako mai daraja ta biyu babba ko sama, Chevening kuma tana neman shekara biyu ta aiki. Karɓo takardar sakamakonka ta jami'a da wasiƙun malamai biyu tun kana bautar ƙasa, domin fitar da su kan ɗauki watanni, kuma yawancin tallafin ana rufe nemansu ne tsakanin Oktoba da Janairu.